Masu kuɗi ma suna kuka: wasan Meziko da ya zagaya duniya

A shekarar 1992, ƙasa da shekara guda bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, wata 'yar wasan kwaikwayo daga ƙasar Meziko ta sauka a birnin Mosko, inda aka yi mata irin tarbar da aka saba yi wa shugabannin ƙasashe.

Sunanta Verónica Castro, amma jama'ar da suka yi cincirindo domin ganinta Mariana suke kiranta. Wannan shi ne sunan da ta fito da shi a wani wasan talabijin mai dogon zango da ake kira Los ricos también lloran da Sifaniyanci, wato masu kuɗi ma suna kuka.

Abin mamakin shi ne, a lokacin wasan ya riga ya shekara 13 da fitowa. Kamfanin Televisa ne ya shirya shi a 1979 domin masu kallo na cikin gida, galibi matan aure da 'yan aikin gida, kuma babu wata alama da ke nuna cewa waɗanda suka shirya shi sun yi tsammanin zai kai inda ya kai.

A yau ana ɗaukarsa a matsayin wasan da ya buɗe wa wasannin Meziko ƙofar kasuwannin da ba a jin Sifaniyanci a cikinsu, daga Italiya da Turkiyya zuwa Rasha da ƙasashen Afirka.

Daga rediyo zuwa talabijin

Irin wannan wasa, wanda ake kira telenovela a Latin Amurka, ya samo asali ne daga wasannin rediyo na ƙasar Kyuba. A 1948 wani wasa mai suna El derecho de nacer, na marubuci Félix B. Caignet, ya mamaye gidajen rediyon tsibirin, daga bisani kuma ya bazu zuwa maƙwabta. Kamfanonin sabulu da man goge baki ne ke ɗaukar nauyin irin waɗannan shirye-shirye, saboda sun san matan da ke sauraro su ne masu cefanen gida.

Meziko ta nuna wasanta na farko na talabijin a wannan tsari a 1958, mai suna Senda prohibida. A 1973 kuma manyan kamfanonin talabijin biyu na ƙasar suka haɗe suka zama Televisa, wanda ya shafe shekaru kusan 20 ba shi da wani abokin gogayya na a zo a gani.

Akwai bambanci guda tsakanin telenovela da takwarorinta na Amurka da Ingila. Na Amurka kan yi shekaru 30 ko 40 ana yi, ba ranar gamawa. Ita kuwa telenovela tana da farko tana da ƙarshe: ana nuna ta daga Litinin zuwa Juma'a na tsawon watanni, sannan a rufe, yawanci da ɗaurin aure a coci. Wannan ya sa take da sauƙin sayarwa, domin gidan talabijin na waje ya san adadin abin da zai saya da ranar da zai ƙare.

Ainihin labarin Los ricos también lloran na Inés Rodena ne, wata 'yar Kyuba da aka haifa a 1905. Ma'aikaciyar jinya ce kafin ta koma rubuta wasannin rediyo, ta kuma bar ƙasarta bayan juyin juya halin Fidel Castro. Labaranta kusan duk hanya ɗaya suke bi: yarinya matalauciya, marar ilimi amma mai tsarkin zuciya, ta faɗa gidan masu hali. Wanda ya ga riba a cikinsu shi ne Valentín Pimstein, furodusa haifaffen ƙasar Chile da ya yi rayuwar aikinsa a Meziko, kuma shi ne ya shirya wannan wasa.

Labarin Mariana

Mariana Villarreal ta tashi ne a wani gandun kiwo a jihar Guanajuato, ba uwa, ba makaranta. Da mahaifinta ya rasu, matar uban, Irma, ta kore ta domin ta cinye dukiyar. Mariana ta nufi babban birnin ƙasar ba ta san kowa ba, har wani limamin coci ya haɗa ta da attajiri Don Alberto Salvatierra, wanda ya ɗauke ta ya kai ta gidansa.

A gidan akwai ɗansa, Luis Alberto, sangartacce, mashayi, wanda bai taɓa aikin komai ba. Da farko ya ɗauki Mariana abin wasa, daga baya ya kamu da sonta. Akwai kuma Esther, 'yar uwarsa da ke zaune a gidan, wadda ta ƙudurta cewa ita za ta aure shi ko ta halin ƙaƙa. Makircinta, da na Irma da ke farautar gadon, su ne suka cika rabin farko na wasan, har zuwa lokacin da Mariana da Luis Alberto suka yi aure.

A ƙa'idar telenovela, nan ya kamata a tsaya.

To amma wasan yana kawo kuɗi, kuma Televisa ba ya son a rufe shi. María Zarattini, wadda ta mayar da labarin Rodena wasan talabijin, ba ta amince da a ja shi ba, saboda haka ta janye. Sai aka kawo Carlos Romero, wanda ya ɗauko wani labarin na daban na ita Rodena, a kan uwar da ta bayar da ɗanta, ya liƙa shi a bayan na farko.

A wannan kashi na biyu, kishi ya sa Luis Alberto ya zargi matarsa da cin amana, ya yi tafiyarsa ya bar ta da ciki. Bayan ta haihu, hankalinta ya gushe, ta miƙa jaririn ga wata mata mai suna Chole da ke sayar da tikitin caca a kan titi. Da ta dawo hayyacinta, ba jariri ba labarinsa. Mijin ya dawo, suka ɗauki wata yarinya riƙo, Marisabel, amma Mariana ba ta daina neman ɗanta ba. Bayan shekaru masu yawa ta same shi ya zama saurayi, ana kiransa Beto, yana rayuwar talauci. Tsoro ya hana ta gaya wa mijinta gaskiya, shi kuma da ya ga tana ɗawainiya da wani matashi a ɓoye, sai tsohon zarginsa ya dawo. Sai da ya ɗauko bindiga kafin ta faɗa masa cewa ɗansa ne.

Wannan ƙarin da aka yi a gaggauce domin cika lokaci shi ne ya zama ƙashin bayan wasan. Labarin talakar da ta auri ɗan masu kuɗi an sha jin sa. Uwar da ke kallon ɗanta kullum ba ta iya kiransa ɗa, wannan kuwa ba ya bukatar a yi wa kowa bayani, a kowace ƙasa yake. Mai kallo ya san gaskiyar tun da wuri, kuma abin da ke dawo da shi gobe shi ne jiran ranar da za a furta ta. An ja wannan jira har ya kai ga wasu masu kallo suna jin haushin Mariana, amma ba su daina kallo ba.

Yadda aka shirya shi

An nuna wasan a Meziko daga ƙarshen 1979 zuwa 1980, kashi kusan 250 na rabin awa.

Wanda ya kalle shi a yau zai ga alamun tsimi da gaggawa. Kusan komai a cikin sutudiyo aka yi shi: falo, ɗakin kwana, ofis, sai kuma falon. Ba a cika fita waje ba. Kyamara kan tsaya a kan fuskar ɗan wasa na tsawon lokaci, kiɗa yana tashi, kafin a tafi talla. 'Yan wasa kan yi magana su kaɗai da ƙarfi, suna bayyana abin da ke ransu, al'adar da aka gado daga rediyo inda mai sauraro ba ya ganin fuska.

Wani sirrin saurin aikin Televisa shi ne wata 'yar na'ura da ake maƙala wa ɗan wasa a kunne. Wani ma'aikaci na zaune a gefe yana karanto masa abin da zai faɗa da inda zai juya, shi kuma yana maimaitawa. Ta haka ba a bukatar haddace rubutu, ana iya ɗaukar kashi guda ko fiye a yini, kuma marubuci na iya sauya labari gwargwadon yadda jama'a suka karɓe shi. Masu sukar wannan dabara na cewa ita ce ke sa 'yan wasan Meziko ɗan jinkirtawa kafin su ba da amsa, ido a kafe.

Verónica Castro na da shekara 27 lokacin da ake nuna wasan a Meziko, kuma ita ce ta rera waƙar buɗe wasan, Aprendí a llorar. Rogelio Guerra, wanda ya girme ta da shekara 16, shi ne Luis Alberto. Rocío Banquells ta fito a matsayin Esther, Augusto Benedico kuma, ɗan Sifaniya da ya yi gudun hijira zuwa Meziko bayan yaƙin basasar ƙasarsa, shi ne Don Alberto.

Tsallaken shekarun da aka yi a tsakiyar labarin ya haifar da wata matsala da ba a damu da ɓoye ta sosai ba. Guillermo Capetillo, wanda ya fito a matsayin Beto, shekara shida kacal Castro ta ba shi. An dai sauya mata gyaran gashi da sutura, aka ce ta zama uwarsa. Shekara takwas bayan haka, a 1987, Pimstein ya sake haɗa su a wasan Rosa salvaje, a wannan karon a matsayin mata da miji.

Ƙetare teku

Ƙasashen Latin Amurka ne suka fara saye, da kuma tashoshin masu jin Sifaniyanci na Amurka. A farkon shekarun 1980 aka juya muryoyin zuwa Italiyanci, wasan ya samu karɓuwa a tashoshi masu zaman kansu da ke tasowa a Italiya a lokacin. Gidan talabijin na gwamnatin Sifaniya ya nuna shi a 1986, da safe, lokacin da ake ganin ba mai kallo sai matan gida. Turkiyya ma ta nuna shi, har sunansa da Turkanci ya shiga bakin jama'a.

Dalilin farko na wannan yaɗuwa na kasuwanci ne. Televisa ya riga ya mayar da kuɗinsa a gida, don haka duk abin da ya samu a waje riba ce, yana iya sayarwa da arha. Ga tashar da ba ta da kuɗin shirya nata wasan, samun kashi 250 a farashi mai sauƙi ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai arha ba ta isa ta bayyana abin da ya faru a Rasha ba.

Rasha, 1992

Mutanen Tarayyar Sobiyet sun ɗanɗana irin wannan wasa tun a 1988, lokacin da aka nuna musu Escrava Isaura na ƙasar Brazil, labarin wata baiwa. Ya yi tasiri har Rashawa suka ari kalmar fazenda, wato babban gandu, suna kiran 'yan gonakinsu na bayan gari da ita cikin raha. Amma wancan gajere ne idan aka kwatanta.

An gwada 'yan kashin farko na Los ricos también lloran a ƙarshen 1991, sannan tashar Ostankino ta ci gaba da nuna shi gadan-gadan a 1992. Shekarar kuwa ba ta da daɗi. A watan Janairu gwamnatin Boris Yeltsin ta sakar wa kasuwa farashin kaya, kuma kafin ƙarshen shekarar farashi ya ninka fiye da sau 20. Kuɗin da mutane suka shekara da shekaru suna tarawa ya zama takarda. Ƙasar da aka haife su a cikinta ta ɓace daga taswira, ana yaƙi a wasu sassan tsohuwar tarayyar, a lokaci guda kuma wasu tsiraru sun fara kuɗancewa dare ɗaya.

A cikin wannan hali ne Mariana ta shigo gidajen mutane. Jaridun lokacin sun yi ƙiyasin cewa masu kallon sun kai miliyan 200 a faɗin ƙasashen tsohuwar tarayyar, sun kuma ba da rahoton yadda tituna ke yin tsit idan an fara wasan. Ana nuna shi da safe a maimaita da yamma, domin wanda ke wurin aiki kada ya rasa.

Masana da suka yi nazarin lamarin sun kawo dalilai daban-daban. Shekara 70 talabijin da silima na Sobiyet suna nuna wa jama'a ma'aikaci da manomi da soja, suna koyar da darasi. Ga wasa nan da ba ruwansa da jam'iyya ko masana'anta, abin da ya dame shi kawai wa ke son wa, wa ya haifi wa. Ga kuma gidan attajirai, da 'yan aiki da motoci, ana nuna shi daga ciki a daidai lokacin da Rashawa ke tambayar kansu yadda jari-hujja za ta kasance. Sunan wasan kansa ya ba da irin amsar da talaka ke son ji. Har yau Rashawa na amfani da shi kamar karin magana idan wani babba ya shiga uku.

Nasarar ta buɗe ƙofa ga wasu. Simplemente María, shi ma na Televisa, ya biyo baya, kuma tauraruwarsa Victoria Ruffo ta yi farin jini har kamfanin MMM na Sergei Mavrodi ya sa ta a tallarsa a 1994, jim kaɗan kafin ya rushe da kuɗin miliyoyin Rashawa. Sunan kamfanin ba baƙo ba ne ga 'yan Najeriya da suka ga dawowarsa a 2016.

A Afirka kuwa, da sunansa na Turanci, The Rich Also Cry, aka san wasan. An nuna shi a Najeriya a shekarun 1990, haka ma Wild Rose, wato Rosa salvaje, kuma waɗanda suka yi ƙuruciya a biranen ƙasar a wancan zamani suna tuna yadda ake taruwa a gidan da ke da akwatin talabijin, ana fatan kada a ɗauke wuta. Ga mai kallon da ya saba da finafinan Indiya, marainiya da muguwar matar uba da ɗan da ya ɓata ba sababbin abubuwa ba ne.

Abin da masu suka ke cewa

A Meziko, 'yan boko ba su taɓa ganin wasan da daraja ba, kuma sukarsu ta wuce batun ƙarancin fasaha.

An shirya shi ne a zamanin shugaba José López Portillo, lokacin da kuɗin man fetur ke shigowa, mutanen karkara kuma ke kwarara zuwa babban birni suna kafa unguwannin marasa galihu a gefensa. Mariana ɗaya ce daga cikinsu, amma hanyar da ta fita daga talauci ba irin tasu ba ce. Ba karatu ne ya fitar da ita ba, ba kuma sana'a ba. Wani attajiri ne ya tausaya mata, ɗansa ya aure ta, sannan ta tabbata cewa dama can ita magajiyar gandu ce. Shi ma Beto, da aka ga kyawun halinsa a cikin talauci, ashe jinin masu kuɗi ne. Wato dai, a cewar masu sukar, wasan na gaya wa talaka ya yi haƙuri ya jira sa'a, kuma ko a cikin labarin ma sa'ar ba ta zuwa sai ga wanda dama ɗan gidan ne.

Akwai kuma batun launin fata. Akasarin 'yan Meziko ruwa biyu ne, jinin 'yan asalin ƙasar da na Turawan Sifaniya, amma taurarin Televisa farare ne, Castro ma idanunta kore ne. Masu duhun fata kan fito a matsayin 'yan aiki ko masu talla, irin su Chole. Wannan ƙorafi bai tsufa ba.

Wanda ya fi ƙarfafa hujjar masu sukar shi ne mai kamfanin da kansa. A watan Fabrairun 1993, a wani taron murnar nasarar da wasan ya samu a duniya, Emilio Azcárraga Milmo ya faɗi, da kalmomin da ba za a iya maimaita su a nan ba, cewa Meziko ƙasa ce ta talakawan da ba za su taɓa fita daga halin da suke ciki ba, kuma aikin talabijin shi ne ya nishaɗantar da su, ya ɗauke hankalinsu daga baƙin cikin rayuwarsu. Har yau ana kawo wannan magana duk lokacin da ake muhawara a kan Televisa da dangantakarsa da jam'iyyar PRI, wadda ta mulki ƙasar shekara 71 a jere har zuwa 2000.

Duk da haka, ba adalci ba ne a ɗauka cewa miliyoyin da suka kalli wasan ba su san abin da suke kallo ba. Masu bincike a Latin Amurka, irin su Jesús Martín-Barbero, sun nuna cewa jigon irin waɗannan wasanni shi ne neman a san mutum, a amsa cewa shi ɗan wane ne, kuma wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a nahiyar da ɗimbin yara ke tashi ba uba a gida. Matar da ta baro ƙauye ta bar 'ya'yanta wurin kaka domin ta yi aikatau a birni ba ta bukatar a fassara mata kukan Mariana. Sannan a cikin wasan namiji ne ke yin kuskure sau biyu, kuma zargin da ba shi da tushe ne ya tarwatsa gidan, abin da mata masu kallo ba su kasa lura da shi ba.

Bayan Mariana

Televisa bai bar labarin ya huta ba. A 1995 ya sake shirya shi da sunan María la del Barrio, inda mawaƙiya Thalía da Fernando Colunga suka fito, kuma a wasu ƙasashen, kamar Filifin, wannan ne aka fi sani. Muguwar cikinsa, Soraya Montenegro, wadda Itatí Cantoral ta fito a matsayinta, ta sake yin tashe a intanet shekaru da dama bayan haka, matasa suna yaɗa hotunanta don barkwanci. Tashar SBT ta Brazil ta yi nata a 2005, Telemundo ta yi Marina a 2006, a 2022 kuma aka sake yin wani da ainihin sunan, tare da Claudia Martín da Sebastián Rulli, amma kashi 60 kawai, domin mai kallon yau ba shi da haƙurin na da.

Kasuwar ma ta sauya hannu. Turkiyya, wadda ta sayi wasan Mariana a shekarun 1980, ita ce daga wajen 2014 ta fara sayar wa Latin Amurka nata wasannin, har suna ture na gida a lokutan da aka fi kallo a ƙasashe irin su Chile da Ajantina.

Inés Rodena ta rasu a Miami a 1985, ba ta ga abin da labarinta ya yi a Rasha ba. Augusto Benedico ya rasu a Janairun 1992, watanni kaɗan kafin Rashawa su san fuskarsa. Pimstein ya rasu a 2017, Rogelio Guerra a 2018, sai Edith González, wadda ta fito a matsayin Marisabel tana 'yar shekara 15, a 2019. Verónica Castro ta ci gaba da wasa da waƙa da gabatar da shirye-shirye, kuma a 2018 ta fito a wasan La casa de las flores na Netflix, a matsayin uwar wani gidan masu kuɗi mai cike da asirai.